Nomau da Gasar Maki

A gidanmu da ke Kwarin Gawo mu biyu Inna ta haifa maza, ni Mati da ƙanena Nomau. Ni Allah Ya ba ni baki da saurin fushi, shi kuma Ya ba shi ƙarfi da biyayya. Abin da ka gaya wa Nomau shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da sama za ta faɗo. Shekararsa talatin da biyar, manomi ne, yana da shanun huɗa biyu da matarsa Hansai, wadda ta daɗe da gane cewa kafin ta aike shi sai ta zauna ta tace maganarta. Ta koyi haka ne tun ranar da ta shanya gero za ta tafi biki, ta ce kada ya kwashe sai ta dawo. Hadari ya taso, ruwa ya kece, ta dawo a guje ta tarar da shi tsaye a tsakiyar shanyar riƙe da lema, shi a jiƙe, geron a jiƙe.

Ni kuwa kafinta ne, kuma bayan sana'ata ba abin da ya cinye min hankali kamar gasar maki. Bari in yi bayani saboda wanda ba ɗan garinmu ba. Duk shekara in an gama girbi, ƙauyuka takwas na yankinmu sukan yi gasar ƙwallo ta wata uku. Mu kuma da gwiwa ta gaji da gudu, mu goma, muna da majalisa a ƙofar gidan Malam Zubairu, tsohon hedimasta, inda muke tamu gasar a zaune. Kafin a fara wasannin akwai ranar zaɓe. A yi ƙuri'a, kowa ya ɗauki ɗan wasa ɗaya in layi ya zo kansa, a zagaya har sau biyar, kuma wanda aka ɗauka ya ɗauku. Daga nan duk mako kowa ya miƙa wa Hedimasta takarda da sunayen waɗanda yake so a lissafa masa daga cikin mutanensa, kada su wuce huɗu. In ɗan wasanka ya buga, maki biyu. In ya ci ƙwallo, biyar. Katin gargaɗi a cire ɗaya, jan kati a cire uku. Ba a sa ko kwabo, don Hedimasta ba ya son abin da zai yi kama da caca. Amma akwai doka guda mai ɗaci: wanda ya zo na ƙarshe ya tashi daga bencin wani ya zauna, kuma masu jiran wuri sun fi mu yawa. Shekarata takwas a kan bencin nan.

Saura kwana goma zaɓe na faɗo daga rufin wani shago da nake buga wa kwano, ƙafa ta karye wuri biyu. Maɗori ya ɗaure, ya ce wata uku ko zaure kada in leƙa. Hedimasta ya aiko cewa in wakilta ɗan gidanmu, in ba haka ba wurin ya tafi. Na duba gidan nan ciki da waje, ba namiji sai Nomau.

Inna ta ce, "Ka yi masa bayani dalla-dalla, ka san halin ɗan'uwanka."

Na ce, "Inna, ai bayanin shi ne abin tsoron."

Wata rana na kira shi ɗakina na ce, "Nomau, sirrin zaɓe ɗaya ne. Kada ka bi labarin baki. Ɗan wasan da ba ka gani da idonka ba, kada ka yarda da shi." Ya ce, "To, Yaya." Washegari ya hau kekensa, ba mu sake ganinsa ba sai bayan kwana huɗu. Ashe ƙauyukan nan takwas ya bi gida-gida. In ya yi sallama aka fito, sai ya ce, "Kai ne wane mai buga ƙwallo?" In mutum ya ce shi ne, sai Nomau ya ƙare masa kallo tun daga hula har silifa, ya ce, "To, na gan ka," ya hau keke. A Tsaunin Kura labari ya riga shi isa cewa wani babban kulob na birni ya turo mai neman 'yan wasa, ya ɓad da kama cikin kayan manoma. Aka shimfiɗa masa darduma, aka yanka masa zakara, wani dattijo ya kawo samarinsa uku ya jera su a rana. Nomau ya cinye zakaran tas, ya wanke hannu, ya ce, "Na gan ku."

Da ya dawo na ce, "To, yaya wasansu?"

Ya ce, "Wane wasa?"

"Ƙwallon mana! Wa ya iya, wa bai iya ba?"

"Ai ba ka ce in ga suna bugawa ba, Yaya. Amma duk na gan su. Har Guguwa na gani, ana yi masa aski."

Guguwan nan shi ne ɗan gaban Tsaunin Kura, wanda ya ci ƙwallo goma sha bakwai a gasar bara, kuma duk majalisarmu shi muke mafarki. Na ɗauki matashin kai na jefi Nomau. Ya tsince, ya kaɗe, ya mayar min ƙarƙashin kaina.

Wata rana, ita ce ranar zaɓen, na ba shi takardar da na yi mako guda ina tsarawa. Sunaye talatin ne a jere, daga gwani zuwa mai dama-dama, kowane da 'yar manuniyar da na rubuta wa kaina a gefe. Na ce, "Ka sa ta a aljihu. Kada ka gaya wa kowa wanda za mu ɗauka, ko da wasa." Ya tafi. Aka kaɗa ƙuri'a a cikin hular Hedimasta, Nomau ya sa hannu ya zaro lamba ɗaya. Shekara takwas ina roƙon lambar nan ban taɓa samu ba.

Hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "Nomau, kai ne farko. Wa ka ɗauka?"

Nomau ya dafe aljihunsa.

"Da kai nake. Wa ka ɗauka?"

"Yaya ya ce kada in gaya wa kowa."

"Ni ne mai rubutawa, ai dole ka gaya min."

"Malam, kai ma ai kowa ne."

Doka ta ce in minti ɗaya ya wuce mutum bai faɗa ba, a mayar da shi ƙarshen layi. Haka aka yi. Ɗan'azumi mai faci, wanda shi ne na biyu kuma abokin gardamata tun muna yara, ya yi tsalle ya ɗauki Guguwa har da rawa. Hedimasta ya ji tausayina ya kira ni a waya. Ina jin abin da ya faru na manta da ƙafa, na yunƙura zan tashi, zafi ya mayar da ni. Na ce a ba Nomau wayar, na daka masa tsawa, "Buɗe takardar nan ka faɗa musu abin da ke ciki, yanzu-yanzu!" Ya ce, "To, Yaya." Ya miƙe ya warware takarda ya fara karantawa da ƙarfi, tun daga lamba ɗaya, har da manuniyar. Ina ji ta cikin waya yana cewa, "Lamba bakwai, Sabi'u, ba wanda ya san shi, a ɓoye shi sai zagaye na uku, Ɗan'azumi jaki ne ba zai gane ba." Majalisa ta kwashe da dariya, wasu suna neman aron biro. Ina ihu yana karatu, bai tsaya ba sai da ya kai talatin.

Kafin a je ko'ina an wawashe takardata. Mutum ɗaya tak muka tsira da shi, wani ɗan gaba mai suna Hadi. Nomau ya ce a waya, "Yaya, takarda ta ƙare." Ni kuma na riga na gaji da duniya, na ce, "Ɗauki waɗanda kullum suna nan, ba sa fashi, ba sa rigima da kowa," na kashe wayar. Ya kuwa zaɓo mana mutum huɗu, duka 'yan garinmu: 'yan baya uku da ban taɓa ganin sun tsallaka tsakiyar fili ba, da Cindo gola, wanda ya ba arba'in baya kuma shi ne na'ibin ladaninmu. Ranar ko fura ban iya sha ba.

Wata rana, bayan an yi wasanni uku, na ce masa, "Tunda dai waɗannan Allah Ya ba mu, makinsu na fitowa fili ne kawai. In ɗaya ya kwanta mun shiga uku. Ka riƙa duba lafiyarsu kullum kana gaya min." Daga ranar, da an idar da sallar asuba Nomau zai bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Ya yi sallama, ya taɓa goshin mutum, ya sa shi ya miƙe ƙafa ya lanƙwasa, ya tambaye shi abin da ya ci jiya. Matar Cindo ta fara cewa a gaya masa ba ya nan, Nomau ya ce zai jira, ya zauna a dakali har hantsi. Kullum sai ya kawo min rahoto: wane yana tari kaɗan, wane ƙaya ta soke shi amma an cire, akuyar Cindo ta haifi biyu. Da zazzaɓi ya kwantar da ɗaya daga cikin 'yan bayan, Nomau ya ɗaura wa shanunsa amalanke ya kai shi asibiti, ya dawo ya sussuke masa dawar da ya bari a masussuka, wai kada ya tashi ya gaji.

A lokacin nan ni kuma ɗakina ya yi shiru. Makon farko da na karye ba wurin sa ƙafa don 'yan dubiya. Zuwa mako na shida sai ni da rediyo da ƙuda. Ban ga laifin kowa ba, kowa da sabgarsa, amma abin ya ci min rai, kuma ban gaya wa kowa ba. Sai wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji sallama, mutanen nan huɗu suka shigo da rake da ƙwan zabi, suka zauna a tabarma.

Cindo ya ce, "Malam Mati, shekara ashirin ina tsaron gida, ba wanda ya taɓa kiran sunana a majalisarku. An ce kai ka ce a ɗauke mu. Mun zo mu yi godiya."

Na buɗe baki zan karɓi godiyar, Nomau ya riga ni daga bakin ƙofa.

"A'a, ba kwa cikin takardarsa. Takardar ce ta ƙare."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Cindo ya yi dariya har da hawaye, sauran suka taya shi, ni ma daga baya na shiga. Ba su tashi ba sai da aka kira la'asar, kuma tun daga ranar duk Juma'a sai sun zo. Wallahi na ji daɗin zuwan nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Wata rana aka zo ranar musaya, wadda ake yi sau ɗaya a tsakiyar gasa, kowa ya iya canja ɗan wasa da wani in sun daidaita. Muna na shida a lokacin, don Hadi yana ci mana ƙwallo jefi-jefi, mutanen Nomau kuma ba sa fashi. Na ce masa, "Za a zo maka da zaƙin baki a kan Hadi. Kada ka kuskura ka karɓi tayin farko." Iro mahauci ya zo da tayi mai kyau ƙwarai, zai ba da ɗan gabansa da ya fi Hadi cin ƙwallo, don kawai Hadin ɗan ƙanwarsa ne yana so ya zama nasa. Nomau ya ce a'a. Iro ya lallashe shi, ya kafe. Da Iro ya ƙule sai ya ce cikin gatse, "To ko Tukur zan ba ka?" Tukur kuwa duk garin an san ya tafi ci-rani Fatakwal mako biyu da suka wuce. Nomau ya miƙa hannu ya ce, "Na karɓa." Hedimasta ya tambaye shi har sau uku ko ya san abin da yake yi, ya ce ya sani. Da ya dawo yana murmushi ya ce, "Yaya, na farkon na ƙi. Wannan na biyu ne." Daga makon nan muka fara gangarowa, na bakwai, na takwas, har muka tsaya a na tara.

Wanda ke ƙasanmu kuwa ba kowa ba ne sai Ɗan'azumi. Guguwan da ya yi wa rawa ya zame masa ciwon kai, yau ya ci ƙwallo, gobe ya zagi alƙalin wasa a dakatar da shi. Da aka zo wasan ƙarshe, tsakanin garinmu da Tsaunin Kura, maki uku ne kacal muka fi shi. Mu muna da mutum huɗu a wasan, shi yana da biyu, Guguwa da wani. Abinci ya daina shiga cikina. Maɗori ya riga ya gaya min cewa ko na warke da wuya in sake hawa rufi, sai dai aikin ƙasa. Na ga sana'a ta ragu, ga bencin ma zai tafi, na rasa inda zan riƙa kai kaina in la'asar ta yi. Tsoro nake ji, tsoron in zama mutumin da ake wucewa ta ƙofar gidansa.

Wata rana, ana gobe wasan, na kira Nomau na riƙe hannunsa. Na ce, "Wannan ce takarda ta ƙarshe. Wasan nan zai yi zafi, kati zai yi yawo. Abin da ba na so shi ne a cire mana maki. Ka tabbata ba a cire mana ko ɗaya ba." Nufina ya ja wa mutanenmu kunne. Shi kuwa ya wuce majalisa kai tsaye ya ce, "Malam, yaya ake yi kada a cire wa mutum maki ko ɗaya?" Hedimasta ya ce cikin raha, "Sai dai in bai sa kowa ba." Nomau ya zaro farar takarda, ya rubuta sunana a sama, ya miƙa. Hedimasta ya juya ta gaba da baya, ya buɗe littafin doka ya duba. An ce kada sunaye su wuce huɗu, ba a ce dole a sa ko ɗaya ba. Ya yi masa nasiha, Nomau ya ce haka Yaya ya ce. Lokacin karɓar takarda ya cika, aka rufe.

Da ya gaya min, na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce ya kashe ni, na ce da ma bunsuru na tura. Ɗan'azumi mutanensa su taka fili kawai ya samu maki huɗu, ya wuce mu. Nomau ya sunkuyar da kai. Inna ta leƙo ta ce, "Mati, ka ji tsoron Allah. Wata uku yana maka bauta." Na juya fuska bango.

Filin ƙwallon ba shi da nisa da gidanmu, daga kan gado nake jin komai. Ba a daɗe da farawa ba na ji ihun mutanen Tsaunin Kura, na san Guguwa ya ci. Na ce shi ke nan, na fara tunanin yadda zan gaisa da Ɗan'azumi a hanya. Can bayan an dawo hutu sai ihun ya canja, ya zama irin na kasuwa in ta hargitse. Hansai ta taka turmi ta leƙa ta katanga tana ba ni labari: an ba garinmu fenariti, Guguwa ya fizge usur daga bakin alƙali, wani ya kai mari, 'yan wasa sun cakuɗe, 'yan kallo sun shiga. Ta ce, "Yaya, ga Cindo can a tsakiya yana rabo, an yaga masa riga!" Alƙali ya hau bayan wani mai babur ya gudu da takalmi ɗaya.

Washegari kwamitin gasa ya zauna. Aka soke wasan da ƙwallon da aka ci, aka ba duk 'yan wasa ashirin da biyun da ke fili jan kati, har Cindo mai rabo. Hedimasta ya kira ni da kansa yana karanta min littafi: wasan da aka soke ba shi da makin bugawa, amma kati kati ne. An cire wa Ɗan'azumi shida. Mu ba a cire mana komai ba, don ba mu sa kowa ba. Ya ce, "Mati, da ka sa mutanenka huɗu, goma sha biyu za a cire maka, ka koma ƙasansa da maki uku. Wurinka yana nan." Na ajiye wayar, idona ya cika. Na aika a kira Nomau, aka ce ya tafi duba lafiyar Cindo.

Bayan mako guda maɗori ya kwance ni, na dogara sanda na nufi majalisa da la'asar. Ɗan'azumi na fara gamuwa da shi a bakin rumfar facinsa, ya ce in gaishe da jakin da ya fi mu duka wayo, muka yi dariya, na yi masa alkawarin shawara kyauta in layinsa ya zagayo. Da na ƙarasa na hango bencin, kowa a wurinsa, wurina a share ba kowa, Nomau yana tsaye a bayansa da hannuwa a baya.

Bayan an gama yi min barka Hedimasta ya ce, "Ka ga ɗan'uwan nan naka? Wata uku kullum yana nan, ko sau ɗaya bai zauna ba. Mun yi, mun yi, ya ƙi."

Na ce, "Nomau, me ya hana ka zama?"

Ya ce, "Ka ce in wakilce ka, Yaya. Ba ka ce in zauna ba."

Na zauna a hankali na jingine sandar. Na matsa gefe har kafaɗata ta matse ta Iro, na buga katakon da tafin hannu.

"Zo ka zauna. Ka yafe min abin da na faɗa maka. Na gode, Nomau."

Ya zauna a ɗarare, gwiwoyinsa a haɗe. Hedimasta ya shiga goge tabarau kamar bai ga mun zama goma sha ɗaya ba. Can Nomau ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, yau kaɗai, ko har gobe?"

Na ce, "Kullum la'asar ka zo ka zauna a nan kusa da ni, har ranar da zan ce ka daina."

Ya ce, "To, Yaya."

Shekara uku ke nan, ban ce ba.